Tambaya da Amsa: Waya, Kwamfuta da Ribar Ɗan Kasuwa

Wasiƙun wannan wata kusan duka daga 'yan kasuwar Kumasi suka zo mana. Mun ɗauki guda biyar. Farashin da ke cikin misalanmu na kwatance ne, kowa ya cire ya sa nasa.

Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan masarufi a Aboabo, yara biyu ke tsare min. Ciniki ana yi, alhamdu lillahi, amma shekara ta kan ƙare ban ga inda riba ta shiga ba. Ɗana da ya gama makaranta ya matsa min in sayi kwamfuta da na'urar buga rasit irin ta manyan kantuna. Za ta ƙara min riba kuwa, ko ado ce kawai? Daga wani Alhaji, Aboabo.

Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Yaron yana da gaskiya, sai dai ya fara daga wutsiya. Kwamfuta ba ta jawo mai saye, aikinta ta nuna maka inda kuɗi ke zurarewa. A shago irin naka wuraren sanannu ne: kayan da suka kwanta a kanta ba sa tafiya, kayan da suka ƙare har mai saye ya juya, bashin da ba a bi ba, da abin da ke fita ba rubutu, wato cefanen gida, kyautar dangi, wani sa'in kuma hannun yara.

Kafin ka sayi komai, yi wannan na wata guda. Ranar da kasuwa ta yi sanyi, ku rufe shago ku ƙirga kaya. Kada ku ce sai kun rubuta kowane tsinke, nan ne mutane ke gajiya su watsar. Zaɓi kaya talatin da suka fi cin jarinka: shinkafa, mai, sukari, madara, tumatirin gwangwani, sabulu da makamantansu. Ɗanka ya buɗe jadawali a Google Sheets ko Excel a wayarsa. Kowane kaya layi guda, da sunansa, kuɗin saye, kuɗin sayarwa, adadin da aka ƙirga, abin da ya shigo, abin da ya fita. Duk mako a sake ƙirgawa. Abin da ke nan da farko, a haɗa da wanda ya shigo, a cire wanda aka sayar, shi ya kamata a tarar a kanta. In ba a tarar ba, ka san girman ɓarakar kuma ka san kayan da take ci.

Abu na biyu da jadawalin zai nuna maka shi ne wanda ya fi ba 'yan kasuwa mamaki. A ce ka zuba sidi 4,000 a shinkafa, buhu takwas a kan 500, ribar kowane buhu 25, kuma suna ƙarewa cikin mako. Mako takwas ka samu 1,600. Wannan 4,000 ɗin in ka zuba ta a katan goma na lemon kwalba mai tsada, ribar katan 80, amma sai sun yi wata biyu kafin su ƙare, 800 ka samu. A ido lemon ne mai riba, a aljihu shinkafa ta ninka shi. Wanda ba ya rubutu ribar katan kawai yake gani, ba ya ganin kwanakin da kuɗinsa suka yi a kwance.

Daga nan kuma za ka san ranar yin oda. In kana sayar da katan biyu na mai a rana, dila kuma yana ɗaukar kwana uku kafin ya kawo, ƙara kwana biyu na ko-ta-kwana: da zarar ya rage katan goma, a kira dila. Kusa da azumi da sallah a ɗaga wannan adadi ga sukari, madara da mai.

Yanzu batun na'urar. Abin da ake bukata: kwamfuta ko babbar waya, manhajar ciniki, na'urar karanta lambar jikin kaya, firintar rasit mai takarda milimita 58 ko 80, da batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke. Kada ka yarda da manhajar da ba ta aiki sai da intanet, kuma ka tambayi mai sayarwa tun farko ko za ka iya fitar da bayananka zuwa Excel ranar da ka ga dama ka rabu da su. In ya yi kame-kame, bar shi. Sannan ka auna kuɗin. A ce kayan duka sun ci 9,000 kuma za su yi shekara uku, ka ga 250 ke nan a wata. Ƙara 150 na data, takarda da kuɗin manhaja, ya zama 400. Idan ribarka sidi 8 ce a cikin kowane 100, sai na'urar ta ƙara maka cinikin 5,000 a wata, ko ta toshe ɓarakar 400, kafin ta biya kanta. Ƙirgar da ka yi ta wata guda ce za ta gaya maka ko ɓarakarka ta kai haka. In ba ta kai ba, jadawalin waya ya ishe ka.

Abin da ke kashe waɗannan na'urori a shagunanmu kaɗan ne, kuma kullum su ne. Na farko ma'auni: an shigar da madara a katan, ana sayarwa gwangwani-gwangwani, an shigar da shinkafa a buhu, ana aunawa da olonka, wato gwangwanin awo na kasuwannin Gana. Dole a gaya wa manhajar gwangwani nawa ne a katan, buhu kuma a aune shi gaba ɗaya sau ɗaya a ga olonka nawa yake bayarwa a hannun yaranka, ba a hannun wani ba. Na biyu, lokacin cunkoso yara su ce za su shigar daga baya, daga bayan nan kuma ba ta zuwa. Na uku, kowa yana shiga da lambar sirri ɗaya, don haka in an goge ciniki ba a san wanda ya goge ba. Kowane yaro da lambarsa, goge ciniki da canza farashi kuma kai kaɗai. Akwai kuma tsohon lissafi: tun 2007 aka cire sifiri huɗu daga sidi, amma har yau a kasuwa ana cewa miliyan ɗaya ana nufin sidi 100. A baki ba laifi, a na'ura kuwa sabon sidi kawai za a rubuta. Kai ma, Alhaji, in ka ɗauki galan ɗin mai za ka kai gida, a rubuta. Yaran da suka ga maigida ba ya rubutawa ba za su rubuta ba.

Ina sayar da atamfa da leshi a Alabar. Rabin cinikina yanzu ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, yake shigowa, a layin da nake karɓar kuɗin adashi da na 'yan'uwa. Kwanan baya wani ya nuna wa yarinyata saƙo a wayarsa cewa ya turo, ta ba shi turmi biyu, kuɗi bai shigo ba. Yaya zan yi? Daga wata Hajiya, Alabar.

Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Matsala biyu ce kika kawo, kuma ta farkon ta fi ta biyun cin kuɗi, ko da yake ba ta da zafi irin nata.

Raba layin shago da naki. Je ofishin kamfanin layinki da katin shaidar ɗan ƙasa, wato Ghana Card, ki nemi asusun ɗan kasuwa. Za su gaya miki takardun da suke so, in kuma kin yi wa sana'arki rajistar suna, tafi da takardar. Za a ba ki lambar biya da za ki manna a ƙofar shago, da alamar da ake ɗauka da kyamarar waya. Tun 2018 ana iya tura kuɗi tsakanin layukan waya daban-daban, a 2020 kuma aka fito da GhQR, alama guda da ke karɓar kuɗi daga banki ko daga waya. Harajin tura kuɗi da aka fara karɓa a 2022 an soke shi a watan Afrilun 2025, don haka uzurin da wasu masu saye ke kawowa ya kau. Amfanin rabawar shi ne duk abin da ya shiga wannan asusu na shago ne, kuma ba ki cin karo da iyakar da ake sa wa ƙaramin asusun mutum ɗaya a ranar da ciniki ya yi albarka.

Kowane dare minti goma: jimlar da ke littafin ciniki a gefe guda, tsabar kuɗin da ke akwati da abin da ya shiga waya da bashin ranar a ɗaya gefen. Su yi daidai. In sun saɓa, a nemo dalili a daren, domin bayan kwana uku babu mai tunawa. Abin da za ki ci a gida kuma ki yanka wa kanki adadi, ki tura shi zuwa layinki sau ɗaya a mako. Bayan wata shida za ki samu tarihin ciniki mai tsabta, wanda za ki iya nuna wa dila in kina neman ya ba ki kaya ki biya daga baya.

Game da ɓarawon nan, doka ɗaya za ki kafa wa yarinyar: wayar mai saye ba shaida ba ce. Hoton saƙo ana ƙirƙirarsa, tsohon saƙo ana gyara shi. Saƙon da ya shigo wayar shago ma a duba daga ina ya fito. Na gaskiya da sunan kamfani yake zuwa, ya faɗo cikin jerin saƙonnin da suka gabata, ba daga lambar mutum ba. Mafi tabbaci a duba ragowar kuɗi ta *170# a MTN, ko *110# a Telecel da AT. Kuɗi bai ƙaru ba, turmi ba ya fita, ko da mai sayen ya ce mota na jiransa. Gaggawar nan ita ce makaminsu.

Sauran dabarunsu ma ki sanar da ita. Wani zai kira yana kuka wai ya turo kuɗin asibiti bisa kuskure, a mayar masa. A ce masa ya kira kamfani a 100, su ke da ikon mayarwa. Wani zai turo buƙatar cire kuɗi, wayar ta nemi lambar sirri. Karɓar kuɗi ba ya bukatar lambar sirri, duk inda aka nema kuɗi ne zai fita. Ma'aikacin kamfani ba ya tambayar lambar. Kada lambar ta zama shekarar haihuwarki, kuma yarinyar shago ba ta bukatar saninta don ta ga saƙo ya shigo. In an yi muku damfara, a kira kamfani nan take, a kai ƙara wurin 'yan sanda, a kuma sanar da hukumar tsaron intanet ta ƙasa ta lamba 292.

Ina da rumfar kayan mota a Suame Magazine. Masu saye daga Tamale, Bolga da Techiman kan turo hoto ta WhatsApp, in aika musu ta mota. Matsalar ita ce kaya na yawan dawowa, wai bai hau ba, kuɗin aike ya tashi a kaina. Daga wani matashi, Sawaba.

Ɗan'uwa, hoto ne ke cutar da kai. Shokozoba ko famfon mai na mota iri ɗaya kan bambanta daga shekara zuwa shekara, da kuma tsakanin wadda aka ƙera don Amurka da wadda aka ƙera don Turai, alhali a hoto duk ɗaya suke. Kafin ka faɗi farashi, nemi abu uku: hoton lambar shasi, hoton lambar da ke jikin tsohon kayan, da hoton bakin soket ko ramukan ƙusoshi. Lambar shasi ta yawancin motocin da ke shigowa Gana harafi da lamba 17 ce, ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba ko a jikin ƙofa. Babu harafin I, O ko Q a cikinta, don haka in makaniki ya karanto maka O, sifiri ne. A motocin da suka fito daga Amurka, na goma a jerin shi ke nuna shekarar mota. Kada ka karɓi lambar ta saƙon murya, hoto za a turo.

Koma WhatsApp Business, kyauta ce. Ajiye waɗannan tambayoyi uku a matsayin amsa ta nan take, yadda ko yaronka ne ke riƙe da waya zai tura su. Jera kayanka a kundin hajar da ke ciki, wanda ke ɗaukar har 500, kowanne da lambarsa da motocin da yake hawa. Yi wa kowace hira alama: ya tambaya, ya biya, an aika, ana binsa. Da safe ka buɗe "ya biya", ka san abin da zai tafi tasha yau.

Kafin ka naɗe kaya, ɗauki ɗan bidiyo da ke nuna lambarsa da lafiyarsa, ka sa masa alamar fenti taka, domin akwai masu dawo da nasu mataccen su ce naka ne. Tura hoton takardar aike da lambar motar. Sharaɗin mayarwa kuma ka rubuta shi tun kafin a biya: in kuskuren naka ne kai za ka biya mota, in lambar da aka turo ce ba daidai ba, mai saye. Rubuta duk kayan da ya dawo da dalilinsa. In a cikin aike arba'in na wata shida ne ke dawowa, kowanne yana cin 60 zuwa da dawowa, 360 ke nan ban da ɓacin ran abokin ciniki. Saukar da shidan zuwa ɗaya riba ce da ba ka sayar da ƙarin ƙusa ko ɗaya ba.

Kunna kariyar mataki biyu a WhatsApp ɗin, kuma lamba shida da ke zuwa ta saƙo kada ka karanta wa kowa. Wanda ya ƙwace maka shi, abokan cinikinka zai bi yana karɓar kuɗi da sunanka.

Muna kawo albasa daga Galmi ta Nijar. Muna saye da sefa, mu sayar da sidi. Sau da yawa sai mu ga mun ci riba, amma in za mu koma sari kuɗin ba ya sayen abin da ya saya da. Waya za ta iya taimaka mana a nan? Daga wani dattijo, Asawase.

Baba, za ta iya, kuma ba ka bukatar abin da ya wuce jadawali ɗaya da wani yaro zai tsara maka sau ɗaya. Kuskuren shi ne lissafa riba a kan abin da aka saya jiya, maimakon abin da za a saya gobe.

Ga misali. Buhu 100, kowanne sefa 20,000. Ranar saye jika guda, wato sefa 1,000, tana kan sidi 20, ka ga buhu ya tashi 400. Mota, lodi, kwastan da shingayen hanya sun ƙara 150, ya zama 550, jimla 55,000. Kafin a sayar an zubar da abin da ya kai buhu goma na ruɓa, saura 90. Don haka buhun da ya tsira 611 ya tsaya maka, ba 550 ba. Ka sayar 640, ka karɓi 57,600, ka ce alhamdu lillahi an samu 2,600. To amma ranar komawa jika ta koma sidi 22. Buhu 100 ɗin nan yanzu 59,000 suke bukata kafin su iso Kumasi. Ka ga jarin ya ragu da 1,400, kuma ba a ci komai a gida ba tukuna. Abin da ya cinye jarin mutane da yawa ke nan a 2022, shekarar da hauhawar farashi a Gana ta wuce kashi 54 cikin 100 a watan Disamba.

A jadawalin a ware gida guda na canjin yau, wani na farashin Galmi na yau, wani na ruɓa. Kowace safiya a canza biyun farko, shi kuma zai fitar da mafi ƙarancin farashin da za a sayar. Gidan ruɓa kuwa kowace mota a rubuta nata, tare da sunan direba, kwanakin da ta yi a hanya da watan da aka yi lodi. Bayan mota goma za ka ga wane direba ne jinkirinsa ke ruɓar maka da kaya, da kuma bambancin albasar rani da ta damina. Wannan sanin ne zai ba ka bakin magana wajen cinikin kuɗin mota. In kuna haɗa jari ku uku ko huɗu, a buɗe wa kowa ya riƙa gani a wayarsa, amma mutum ɗaya ke rubutawa. Yawan rigimar abokan haɗin gwiwa daga nan take mutuwa.

Ban yi boko ba. Littafin bashina ɗiyata ke rubuta min, kuma a shago yake kwana. Tun gobarar kasuwar Adum hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa mai sayar da kayan kicin.

Mma, tsoronki yana kan hanya. Gobarar Adum ta watan Maris 2025, da ta Kantamanto a Akra a watan Janairun shekarar, da ta sabuwar kasuwar Kejetia a 2023, duk sun nuna cewa littafi na ƙonewa tare da kaya, kuma bashin da ba shaida wuyar karɓa gare shi.

Ba sai kin iya karatu ba. Kowace Alhamis da yamma ɗiyarki ta ɗauki hoton duk shafin da aka yi rubutu a makon, da rasit ɗin dilolin da kika biya. Rasit ɗin na'ura musamman, domin zafi na goge rubutunsa cikin watanni. Hotunan su hau Google Drive, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta, kuma a tura kwafi ga wani amintacce da ba a kasuwa yake kwana ba. Ta buɗe daga wata wayar ta tabbata sun hau, kada a ɗauka kawai.

Inda aka fi faɗuwa shi ne imel. Sau da yawa yaron da ya sayar da wayar ne ya buɗe shi, mai waya ba ta san sunansa ba balle kalmar sirrinsa, ranar da waya ta ɓace komai ya tafi. Ku zauna yau ku canza kalmar sirrin, ku sa lambarki a matsayin ta farfaɗowa, ku rubuta a takarda ku ajiye a gida tare da takardun fili. Layin kuma ya kasance da Ghana Card ɗinki aka yi masa rajista, ba na wani ba, domin in ya ɓace mai katin kaɗai ake ba sabo.

Duk wanda ya karɓi kaya bashi, ki tura masa saƙon murya a gabansa: ranar kaza, kaya kaza, kuɗi kaza, za a biya ranar kaza, shi kuma ya amsa da muryarsa. A littafin a ƙara lambar wayarsa da adireshin gidansa na GhanaPost GPS, tunda lungunan zango ba kowanne ke da suna ba. Wannan bayani amana ne, kuma dokar kare bayanan mutane ta 2012 ta hau kan duk mai tara shi. Kada ɗiyarki ta sa sunan mai bashi ko hotonsa a status ko a zauren unguwa don a kunyata shi. A tura masa tunatarwa shi kaɗai, kwana biyu kafin ranar biya.